Shirin Muhawara Tun Ba Ka San Ɓangarenka Ba

Malamin ƙungiyar muhawara ya rubuta maudu'i a allo: "Makarantar kwana ta fi ta jeka-ka-dawo." Ya ce sai ranar gasa za a jefa ƙuri'a a san masu goyon baya da masu adawa. Ga tambayoyin da ɗalibai kan yi idan suka ji haka.

Me ya sa ba za a bar ni in kare abin da na yarda da shi ba?

Domin alƙalai ba zuciyarka suke dubawa ba, hujjarka suke aunawa. In aka bar kowa ya zaɓa, sai aji ya taru a ɓangare ɗaya a rasa abokin karawa. Ko a gasar muhawara ta makarantun sakandare ta duniya, wadda aka fara a Ostareliya a 1988, jadawali ne ke raba ɓangarori. Wasu maudu'an ma sai saura awa ɗaya ake sanar da su.

To wannan ba koyon ƙarya ba ne, ko baki biyu?

Tambayar ta daɗe. A shekara ta 155 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wani masanin falsafa mai suna Karniyadis ya je Rum cikin tawagar birnin Atina. Ya yi jawabi yana yabon adalci, washegari ya dawo ya rushe duk abin da ya gina jiya. Dattijo Kato, wani ɗan majalisar Rum, ya nemi majalisar ta sallami tawagar da wuri, kada su ɓata matasa.

Ni dai ban ga ƙarya a nan ba. Kowa a zauren ya san ƙuri'a ce ta ba ka ɓangarenka, ba wanda ka yaudara. Ƙaryar da ɗalibai ke yi a muhawara wata ce daban, kuma ba a cika tsawata musu a kanta ba: yaro ya miƙe ya ce "bincike ya nuna kashi 80 cikin 100", alhali a hanyar makaranta ya ƙirƙiro binciken. Wannan ita ce abin gudu. An ruwaito cewa Imam Shafi'i ba ya damuwa ko a harshensa gaskiya ta fito ko a harshen abokin jayayyarsa. Wanda ya zauna ya gina hujjar abokin karawarsa da kyau ya fi kusa da wannan hali.

Idan maudu'in ya taɓa aƙidarka har ba za ka iya furta wani ɓangare ba, ka gaya wa malam tun yau, ba ranar gasa ba.

Ta ina zan fara?

Da ɓangaren da ba ka so. Naka yana nan a bakinka, ba zai gudu ba. Ka raba takarda biyu, ka cika gefen da ka ƙi tukuna, kuma da hujjoji masu ƙwari, ba waɗanda ka san za ka ture da yatsa ɗaya ba.

Ɗauki maudu'in nan namu. Mai adawa zai kawo tsadar kuɗin makaranta, cin zalin da manya ke yi wa ƙanana a ɗakin kwana, da raba yaro da idon iyayensa. Babban makaminsa kuwa tsaro: Chibok a 2014, Ƙanƙara a 2020, Jangebe a 2021, duk makarantun kwana ne aka kwashe ɗalibai. In ƙuri'a ta ba ka goyon baya kuma ba ka tanadi amsar wannan ba, an gama da kai tun a jawabin farko. Kada ka raina abin da ya faru, alƙalai ma iyaye ne. Ka amince da shi, sannan ka nuna cewa rashin tsaro ne ya jawo, ka tambayi makomar yarinyar ƙauyen da babu sakandare kusa da ita, wadda in ba ta kwana a makaranta ba karatun ya ƙare ke nan.

Kana cikin haka za ka ga hujjojin duk wuri ɗaya suke karo: wa ya fi dacewa ya riƙe yinin yaro da darensa, gida ko makaranta? A nan ake cin gasa. Ka kuma fayyace tun farko ko sakandare ake nufi ko har da firamare, domin ɗan shekara 8 ba ɗan shekara 16 ba ne.

In haddace jawabi biyu ke nan?

A'a. Hadda tana tafiya daidai ne har sai an katse ka. A tsarin gasar duniya minti 8 ake ba mai magana, kuma in ban da mintin farko da na ƙarshe, abokan karawa na iya miƙewa su jefo tambaya. Mai hadda a nan yake kakarewa, ya koma neman inda ya tsaya. Ka rubuta kan kowace hujja da misalinta a ƙaramar takarda. Doguwar gaisuwar nan ta alƙalai da mai kula da lokaci da 'yan kallo ma a rage ta, tana cin lokaci.

Yaya za mu yi atisaye?

Ku kara da juna da agogo a gabanku, ku huta, sai ku yi musayar ɓangare ku sake. Duk hujjar da ta ba ka wahala ka rubuta ta, ka kwana da ita.

Ƙuri'a ta ba ni ɓangaren da ba na so. Alƙalai za su gane?

In ka bari, fuskarka za ta faɗa musu. A gasar duniya kashi 40 na maki na hujja ne, 40 na salon magana, 20 na dabara, don haka sanyin murya da sunkuyar da kai asara ce kai tsaye. Kada kuma ka ce "ni ma a gaskiya ban yarda da wannan ba". Ka ce "ɓangarenmu na ganin", ka ɗaga kai, ka fara da hujjar da ta fi ba ka wahala lokacin da kake ɗaya gefen a atisaye.