Daga furuci zuwa takardar mallaka: yadda birnin Eureka ya mayar wa Wiyot tsibirinsu

A birane da dama na Amurka, Kanada da Ostareliya, al'ada ce yanzu a buɗe zaman majalisar birni da 'yan kalmomi: wannan gari yana zaune ne a kan ƙasar kakannin ƙabila kaza. Wasu na ganin adalci ne, wasu na cewa daɗin baki ne kawai. Birnin Eureka da ke arewacin jihar Kalifoniya ya wuce furuci, ya miƙa wa ƙabilar Wiyot, 'yan asalin yankin, fili da takardarsa, don haka shi ne misalin da ya fi nuna yadda aikin yake tafiya da inda yake cijewa.

Wannan furuci na amincewa, me yake canzawa a shari'a?

Shi kaɗai, babu. Ƙuduri ne da majalisar birni ke zartarwa, a karanta a farkon taro, a buga a takardun ofis. Ba ya ɗauke fili daga hannun kowa, ba ya ba ƙabilar ikon hana gini, ba ya rage haraji. A watan Yunin 2014 majalisar birnin Vancouver a Kanada ta amince a hukumance cewa birnin yana kan ƙasar al'ummomin Musqueam, Squamish da Tsleil-Waututh, ƙasar da ba su taɓa sallamawa ta hanyar yarjejeniya ba. Washegari kowane mai gida ya wayi gari da takardar gidansa yadda take.

Amfaninsa a wani wuri yake. Yana sa hukuma ta rubuta da hannunta sunan waɗanda ta tarar a wurin, kuma duk ranar da aka zo maganar sauya sunan titi, ko tono a wurin tsohuwar maƙabarta, ko rabon filin hukuma, akwai abin da za a nuna mata. Idan ba a bi shi da komai ba, to masu sukar sun yi gaskiya.

Me ya sa maganar ta fi zafi a Kalifoniya?

Saboda an ɗauki ƙasar ba tare da ko yarjejeniyar da ake karyawa a wasu jihohi ba. Tsakanin 1851 da 1852 wakilan gwamnatin tarayya sun ƙulla yarjejeniyoyi 18 da ƙabilun jihar, aka yi musu alkawarin filaye. Majalisar dattawa ta ƙi amincewa da su a 1852, aka ɓoye takardun, ba su sake fitowa fili ba sai 1905. A tsakanin nan masu neman zinariya da masu kiwo da masu yankan katako suka mamaye ko'ina, aka yi ta kashe mutane. Sai a 2019 gwamna Gavin Newsom ya nemi gafara da sunan jihar, ya kuma kira abin da sunansa: kisan ƙare dangi.

Su wane ne Wiyot, kuma me ya faru a tsibirin?

Mutanen gaɓar teku ne da ke zaune a kewayen mashigin ruwa na Humboldt, wanda suke kira Wigi. A tsakiyar ruwan akwai tsibiri mai faɗin eka wajen 280, mafi yawansa fadama ce da ruwan teku ke shafewa idan ya cika. A kansa ƙauyen Tuluwat yake, bisa wani tudu da ɓawon halittun ruwa da aka ci aka zubar ya tara cikin shekaru kusan 1,000. A cikin tudun suke binne matattunsu. A wurinsu nan ne tsakiyar duniya, kuma nan suke yin bikinsu na shekara-shekara na sabunta duniya, wanda ke ɗaukar mako guda ko fiye.

Da asubahin 26 ga Fabrairun 1860, ana cikin bikin, mazan sun haye ruwa don ɗebo guzuri, sai wasu Turawa mazauna yankin suka shigo da gatura da wuƙaƙe. Galibi sun guji harbi ne don kada ƙarar ta tashi gari. Waɗanda suka kashe galibi mata ne da yara da tsofaffi. An kai irin wannan hari kan wasu ƙauyukan Wiyot a kwanakin, shi ya sa alƙaluman tarihi suka bambanta, daga kusan 60 har zuwa 250. Ba a hukunta ko mutum ɗaya ba. Wani matashin ɗan jarida, Bret Harte, ya buga labarin da kakkausar murya, barazana ta sa ya bar yankin. Waɗanda suka tsira aka kwashe su zuwa sansanin soja na Fort Humboldt, daga nan zuwa wuraren tsugunarwa masu nisa.

Tsibirin kuwa ya faɗa hannun wani Bature mai suna Robert Gunther a wannan shekarar. Aka yi masa shingen ƙasa don tare ruwa, aka zuba shanu, daga baya aka kafa wurin gyaran jiragen ruwa a kan tudun ƙauyen, masu tonon kayan tarihi kuma suka yi ta haƙe kaburbura. A tsakiyar ƙarni na 20 mafi yawan tsibirin ya zama mallakin birnin Eureka.

To yaya ƙasar ta dawo?

A hankali, kuma ba birnin ne ya fara ba. Ita kanta ƙabilar gwamnatin tarayya ta soke matsayinta na ƙabilar da hukuma ta amince da ita a 1961, sai da ta je kotu kafin a mayar mata da shi a 1981. Daga 1992 aka fara zaman tunawa da kyandir a kowane watan Fabrairu, 'yan ƙabila da sauran mutanen gari tare. Cheryl Seidner, wadda ta shugabanci ƙabilar, tana cikin waɗanda suka assasa shi. Wannan zama ne ya sa labarin kisan ya daina zama abin da ake raɗa.

A 2000 Wiyot suka sayi eka 1.5 na wurin tsohon ƙauyen a kan dala 106,000, kuɗin da suka tara da sayar da abinci da riguna da gudummawar jama'a. A lura da wannan: da kuɗinsu suka fara sayen kaburburan kakanninsu. A 2004 majalisar birni ta mayar musu da eka 40 da ke kewaye. A 2014, bayan an share guba daga wurin, suka yi bikin sabunta duniya a tsibirin, karo na farko tun 1860. A Disambar 2018 majalisar ta kaɗa ƙuri'a baki ɗaya ta saki sauran abin da ke hannunta, eka 200 da 'yan kai, kimanin hekta 80, kuma ranar 21 ga Oktoban 2019 aka sa hannu kan takardar a bainar jama'a, ba tare da ƙabilar ta biya kuɗin filin ba. Shekara 27 ke nan daga zaman kyandir na farko.

An ce birnin ya taɓa ƙin neman gafara. Gaskiya ne?

Haka ne, kuma darasin da ke ciki ya fi na bikin miƙa takarda. A 2014 magajin gari na lokacin, Frank Jäger, ya rubuta wasiƙar neman gafara a kan kisan. Aka ji tsoron kada kalmar ta zama amsa laifi da za a kai birnin ƙara da ita, sai majalisa ta amince da wata wasiƙar da aka cire neman gafarar, aka bar kalaman goyon baya. Mutane da yawa suka ji haushi. Abin mamaki, birnin da ya kasa furta kalma ɗaya a 2014 shi ne ya ba da eka 200 bayan shekara biyar. Lauyan hukuma ya fi tsoron jimlar da ba ta da iyaka a kan filin da aka auna aka san iyakarsa.

Waɗanne matakai birni yake bi kafin ya miƙa fili?

Da farko sai ƙabilar ta nema a rubuce, ta bakin zaɓaɓɓiyar majalisarta, hukuma da hukuma. Yarjejeniya da wani dattijo shi kaɗai, komai girmansa, tana iya rushewa ranar da shugabanci ya sauya.

Sai binciken takardu: wa ya mallaki kowane yanki, akwai bashi a kansa, akwai haƙƙin wucewar hanya ko wayar lantarki? A tsibirin Tuluwat gadar babbar hanya ta ratsa ta kai, akwai kuma 'yan filayen mutane masu zaman kansu waɗanda ba su shiga cikin abin da aka miƙa ba. Birni ba ya iya ba da abin da ba nasa ba. Daga nan safiyo ya auna. A gaɓar teku wannan aiki yana da wuyar sha'ani, domin a dokar Kalifoniya ƙasar da ruwan teku ke rufewa yana janyewa amana ce ta jama'a, don sufurin jirage da kamun kifi, kuma akwai hukumar jiha da ke kula da ita. Dole a fayyace inda tudu ya ƙare, inda amanar ta fara.

Bayan haka majalisa ta ayyana filin a matsayin wanda birni ba ya buƙata. Dokar jihar ta ce irin wannan fili a fara tallata shi ga masu gina gidaje masu rahusa da hukumomin wuraren shaƙatawa, sai dai in ya shiga cikin abubuwan da aka keɓe. Tsallake wannan mataki yana iya jawo ƙara. Ana kuma duba tasirin miƙawar ga muhalli, a tabbatar ba ta saɓa wa tsarin birni ba, a rubuta amfanin jama'a da ke cikinta don kada a ce an yi kyauta da dukiyar hukuma. Ƙarshe sai sauraron ra'ayin jama'a, ƙuri'a, sa hannu, da yin rajistar takardar a ofishin gunduma. In ba a yi rajista ba, bikin banza aka yi.

Ina aka fi samun matsala?

A cikin ƙasar kanta. Filin da hukuma ke saurin rabuwa da shi sau da yawa wanda wani ya riga ya lalata ne. Wurin gyaran jiragen da ke Tuluwat ya yi aiki har zuwa wajen 1990, ya bar tarkacen ƙarfe, fenti, da magungunan hana katako ruɓewa masu guba a cikin tudun. Ba a iya kawo katafila a kwashe ƙasar a zubar, domin akwai gawawwaki a ciki. Sai aka bi da hannu a inda ya kamata, aka kwashe mafi munin gurɓatacciyar ƙasa, aka rufe sauran da shimfiɗa da sabuwar ƙasa, da taimakon hukumar kare muhalli ta tarayya. Igiyar ruwa kuma tana cin gefen tudun tana fito da ƙasusuwa, dole aka kafa katanga don tare ta. Wannan aiki ya ci fiye da shekara goma.

Shi ya sa ake gwada ƙasa kafin sa hannu, ba bayansa ba. A ƙarƙashin dokar tarayya ta 1980 kan gurɓatattun wurare, sabon mai fili na iya gadon alhakin gubar da bai zuba ba. Ƙabila mai mutum ɗari shida ko makamancin haka ba ta da aljihun ɗaukar wannan, don haka yarjejeniya mai kyau tana faɗin wanda zai biya kuɗin shara, da inda kuɗin kula da wurin zai fito shekara bayan shekara.

Da an miƙa, filin ya zama ƙarƙashin mulkin ƙabilar ke nan?

Ba kai tsaye ba. Iri biyu ne. Na farko mallaka ce ta yau da kullum, kamar ta kowane mai fili: dokokin jiha da na gunduma suna aiki a kai, haraji ma yana iya hawa. Na biyu shi ne gwamnatin tarayya ta riƙe filin amana da sunan ƙabilar, bisa wata doka ta 1934. A nan harajin jiha ya faɗi, ikon ƙabilar ya ƙaru, amma ba a sayar da shi ko jinginar da shi sai da yardar tarayya. Birni ba shi da ikon yin na biyun. Ƙabilar ce za ta nema a ma'aikatar cikin gida, kuma takardun kan yi shekaru, musamman in akwai guba ko rikicin iyaka.

Ƙabilar da tarayya ba ta amince da ita ba fa?

Su ne suka fi shan wahala, kuma suna da yawa a Kalifoniya saboda waɗancan yarjejeniyoyi da aka binne. Mutanen Lisjan na Ohlone, a yankin San Francisco, ta wata ƙungiyar riƙon filaye mai suna Sogorea Te' suke bi. A 2022 birnin Oakland ya ba ta haƙƙin amfani na dindindin da eka kusan 5 a wani wurin shaƙatawa, amma takardar mallaka ta zauna a hannun birni. A 2024 kuma birnin Berkeley ya shiga tsakani aka sayi wani wurin ajiye motoci mai eka 2.2, da ke kan tsohon tudun kakanninsu, a kan dala miliyan 27. Birnin ya sa miliyan 1.5, ƙungiyar ta kawo sauran. Kwatanta wannan farashi da na Tuluwat ya isa ya nuna dalilin da ya sa fadama ta fi filin tsakiyar gari saurin dawowa.

Idan furucin kawai birni zai iya yi a yanzu, yaya ake rubuta shi?

A tambayi masu ƙasar kafin a rubuta, a kuma biya su ladan lokacinsu. A kira su da sunan da suke kiran kansu, mai karantawa ya koyi furta shi. A yi magana da su a matsayin rayayyu, domin furucin da ya ce "sun taɓa zama a nan" ya sake kore su ne a kan takarda. Inda ƙabilu biyu ko uku ke da'awar wuri ɗaya, kada majalisa ta zaɓi ɗaya daga taswirar intanet. Irin wannan ya sha haddasa rigima tsakanin maƙwabta. Sannan a ɗaura masa aiki mai kwanan wata da kasafi: jerin filayen birni da za a duba, ko ƙa'idar tuntuɓa kafin a yi tono.

Masu gidaje su ji tsoro ne?

A irin wannan tsari, a'a. Filin hukuma ake miƙawa, ko wanda mai shi ya sayar da yardarsa.

Me ake yi a tsibirin yanzu?

Gyara. Wata baƙuwar ciyawar fadama da ta zo daga Kudancin Amurka ta mamaye gaɓar, tana kashe tsirran asali, kuma ma'aikatan ƙabilar na ta cire ta da injin yanka, suna komawa kowace shekara domin iri yana sake tsirowa. Babbar barazanar ita ce ruwa. Ƙasar kewayen Humboldt tana nitsewa a hankali saboda motsin ƙarƙashin ƙasa, don haka teku yana hawa a nan da sauri fiye da sauran gaɓar Kalifoniya, kuma mafi yawan abin da aka miƙa a 2019 fadama ce. Katangar da ke tare tudun kaburbura za ta buƙaci gyara da ƙari, kuma yanzu nauyin nemo kuɗin yana wuyan Wiyot.