Waiwaye: Sawun ƙanƙara a jikin dutse da cikin rairayi

Ƙanƙarar da muka sani a ƙauyukan Jigawa ita ce wadda ke zubowa da hadari, ta yayyaga ganyen gero, kafin a ankara ta narke. Shi ya sa da wuya mutum ya yarda cewa an yi zamanin da ƙanƙara mai kaurin kilomitoci ta danne ƙasashe, tana gangarawa sannu a hankali.

Masana ma sun daɗe suna musu. A 1815 wani maharbi a tsaunukan Suwizalan, Jean-Pierre Perraudin, ya lura da karce a jikin falalen duwatsu, layi-layi, duk sun miƙe gefe guda. Ya ce ƙanƙara ce ta ja tsakuwa a kansu. Ba a ɗauki maganarsa da muhimmanci ba, sai a 1837 da wani masani ɗan Suwizalan, Louis Agassiz, ya tsaya gaban taron masana ya ce lallai Turai ta taɓa nutsewa cikin ƙanƙara.

Abin mamaki bai tsaya can ba. A shekarun 1960 masanan Faransa masu neman man fetur suka tarar da irin wannan karce a tsakiyar Sahara, a kudancin Aljeriya. Akwai shi a Jado ta Nijar ma. Kimanin shekaru miliyan 445 da suka wuce, yankin yana kusa da ƙuryar kudancin duniya, shi ya sa ƙanƙara ta rufe shi.

Mu fa? Ƙanƙarar zamanin sanyi na baya-bayan nan, wadda ta kai ƙololuwa kusan shekaru 21,000 baya, ba ta iso nan ba, amma mun sha fari a dalilinta. Teku ya ja da baya da kusan mita 120, ruwan sama ya ƙaranta, hamada ta gangaro kudu. Iskar hunturu ta jera rairayi dogaye daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma. Su ne jigayin da ake shuka gero da gyaɗa a kansu a ƙasar Haɗeja, da fadamu a tsakaninsu. Masanin labarin ƙasa ɗan Birtaniya, A. T. Grove, ya yi bayaninsu tun 1958, kuma ina takaicin yadda ɗalibanmu ke taka su kullum ba a taɓa nuna musu ba.

Manyan duwatsun Dutse da Birnin Kudu kuwa, kada a jingina su ga ƙanƙara. A wurinsu suka samu, ruwa da zafi ne suka farfasa su suka mulmule.