Safe ko Yamma? Tambayoyi kan Lokacin Motsa Jiki da Ƙarfafa Tsakiyar Jiki

Wai da gaske ne motsa jiki da safe ya fi na yamma amfani?

Idan ƙarfi ake magana, yamma ce ke da ɗan rinjaye. Ɗumin jikin mutum yakan sauka sosai gab da wayewar gari, sannan ya riƙa hawa har ya kai ƙololuwa wajen ƙarshen yini. A lokacin tsokoki sun ɗumama, gaɓoɓi sun saki, shi ya sa nauyin da ya gagari mutum da safe yana iya ɗaga shi da ƙarfe 5 na yamma. Amma tazarar ba ta taka kara ta karya ba, kuma wanda ya yi makonni yana atisaye da safe jikinsa kan saba.

Fa'idar safiya daban ce: babu mai ƙwace maka ita. Da yamma kuwa ga gajiyar aiki, ga baƙo ya faɗo, ga waya, kafin ka ankara dare ya yi, sai "gobe na yi". Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, ko 75 zuwa 150 na mai tsanani, da atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2. Ba ta ce da ƙarfe nawa ba. A ganina, duba lokacin da ya fi wuya a katse ka, ka riƙe shi.

In na fita motsa jiki da yunwa, kitse zai fi saurin narkewa?

A cikin wannan sa'ar, e, jiki ya fi jingina ga kitse. Sai dai lissafin ba na sa'a guda ba ne. Idan abin da mutum ke ci a yini bai canza ba, sakamakon kusan ɗaya ne. Wanda jiri ke ɗiba ya ɗan taɓa wani abu marar nauyi minti 30 zuwa 60 kafin ya fara. Bayan cin abinci mai nauyi kuma a jira sa'a 2 zuwa 3. Mai ciwon sukari da ke shan magani ya fara jin ta bakin likitansa.

Atisayen dare yana hana barci?

Ga yawancin mutane, a'a. Mai tsanani ne kawai, irin wanda aka gama ana haki ƙasa da sa'a guda kafin kwanciya, ke iya jinkirta shi.

Me ake nufi da "tsakiyar jiki"? Ba tsokar ciki ba ce kawai?

Nan ne mutane da yawa ke yin tuya su manta da albasa. Tsokar nan ta gaba, mai fitar da layi-layi a cikin 'yan wasa, ɓangare ɗaya ce tak. Akwai na kwiɓi biyu masu juya jiki, akwai wata can ciki da ta zagaye ƙugu kamar ɗamara, akwai waɗanda suka bi gadon baya. Daga sama tantanin numfashi ya rufe, daga ƙasa tsokokin ƙasan mara sun tare. Gaba ɗayansu kamar ganga suke mai murfi da gindi.

Babban aikinsu riƙe ƙashin baya ne kada ya karkace yayin da hannu da ƙafa ke aiki. Ka ɗauki jaka mai nauyi a hannun dama ka yi tafiya, sannan ka taɓa kwiɓinka na hagu. Za ka ji shi tauri kamar katako. To, aikin ke nan.

Idan na riƙa kwanciya ina tasowa sau 100 kullum, teɓa za ta tafi?

Ba za ta tafi ba. Jiki ba ya ɗibar kitse daga wurin da ake motsawa, daga ko'ina yake ɗiba, kuma gado da jinsi ne ke da ta cewa kan inda zai fara. Tsokar za ta yi ƙarfi, amma tana nan lulluɓe. Rage teɓa sai an haɗa da gyara cima, isasshen barci da motsa jiki gaba ɗaya.

To waɗanne atisayen tsakiyar jiki ne suka fi dacewa a fara da su?

Stuart McGill, masanin ƙashin baya da ya daɗe yana koyarwa a Jami'ar Waterloo ta Kanada, ya shahara da guda uku, kuma ba sa buƙatar kayan aiki. Na farko: ka kwanta rigingine, ƙafa ɗaya a lanƙwashe ɗaya a miƙe, tafin hannu a ƙarƙashin ƙugu, ka ɗaga kai da kafaɗu kaɗan kawai, kamar za a zare takarda daga ƙarƙashinsu. Na biyu tokare jiki ne ta gefe, a kan gwiwar hannu da gwiwar ƙafa, ko gefen ƙafa ga wanda ya ƙware. Na uku: ka yi rarrafe, ka miƙe hannun dama gaba da ƙafar hagu baya, sannan ka sauya.

Kowanne a riƙe kamar daƙiƙa 10, a huta, a maimaita. Na ukun nan yana da ruɗi, ga shi kamar wasan yara, amma ka ɗora littafi a bayanka ka gani ko zai zauna. Da ƙugu ya karkace, ya zame. Haka ma filank, wato tokare jiki rub da ciki a kan gwiwar hannu da yatsun ƙafa: daƙiƙa 20 da baya a miƙe sun fi minti 2 da ƙugu a lotse. Kuma a riƙa numfashi, kada a ƙunshe shi.

A farkon atisaye za a yi su ko a ƙarshe?

Idan za ka ɗaga nauyi, bar masu wahalar zuwa ƙarshe. Ba dabara ba ce ka gajiyar da ɗamarar sannan ka ɗora mata kaya. Kaɗan marasa tsanani a farko, don ɗumama jiki, ba laifi. Masu sauƙin ana iya yinsu kusan kullum, masu tsanani kuma sau 2 ko 3 a mako da hutu a tsakani.

Akwai wani abu game da sassafe. Fayafayan guringuntsi da ke tsakanin ƙasusuwan baya suna tsotsar ruwa cikin dare, har mutum kan fi tsayi da kimanin santimita 1 in ya farka. A cike suke tam, don haka yawan lanƙwasa baya a sa'ar farko ya fi takura musu. Mai fama da ciwon baya ya ɗan zazzaga tukuna. Idan kuma zafin yana harbawa zuwa ƙafa, ko ƙafar tana mutuwa, a dakata a ga likita. Mace mai ciki ko wadda ta haihu kwanan nan ita ma ta nemi shawarar ma'aikatan lafiya, domin tsokar gaban cikin takan ɗan rabu a tsakiya, kuma tana buƙatar lokaci kafin ta koma.