Taswirar kwamfuta ta bututun ruwa da magudanai a Legas

Taswirar kwamfuta ta bututun ruwa, wadda injiniyoyi ke kira GIS, tsari ne na zana kowane bututu, bawul, mita da magudana a ainihin inda suke, sannan a liƙa wa kowanne bayaninsa: faɗinsa, abin da aka ƙera shi da shi, shekarar da aka binne shi, da sau nawa ya taɓa fashewa. Tana fin taswirar takarda da cewa ana iya yi mata tambaya. Idan bututu ya fashe a Agege, za ta nuna bawul ɗin da za a rufe da kuma layukan da ruwansu zai ɗauke.

Tun 1854 likita John Snow ya zana gidajen da kwalara ta shiga a Landan, ya gano famfon da ke yaɗa cutar. Shigar da irin wannan aiki cikin kwamfuta kuwa ya faro ne a Kanada a shekarun 1960, a hannun Roger Tomlinson.

Yadda ake haɗa ta

Ana farawa da tsofaffin zane-zanen da ke ofis, a ɗora su kan hoton tauraron ɗan'adam, sai ma'aikata su fita da na'urar GPS su tabbatar da abin da ke fili. Manhajojin da aka fi amfani da su su ne ArcGIS, wadda ake saya, da QGIS ta kyauta. Manhajar EPANET kuma ita ke lissafa ƙarfin ruwa a cikin bututun. A Najeriya akwai wani tarko da sabon shiga kan faɗa: tsofaffin taswirori an auna su ne da ma'aunin Minna, wato tsarin ƙayyade wuri a taswira na cikin gida, GPS kuwa da ma'aunin duniya mai suna WGS84 take aiki. Wanda bai daidaita su ba, sai ya tarar bututunsa ya goce da mita masu yawa, a haƙa rami a banza.

Gano bututun ƙarfe ba wuya, domin na'urar maganaɗisu na jin sa. Na roba ne mai ba da wahala, sai an kawo rada mai leƙa ƙarƙashin ƙasa, ita kuma ba ta gani sosai a jiƙaƙƙiyar ƙasa mai gishiri irin ta bakin teku. Shi ya sa har gobe ake neman tsofaffin ma'aikata, waɗanda ke riƙe da hanyoyin bututun a ka.

Halin Legas

Matatar ruwa ta Iju ta fara aiki a 1915, zamanin Lugard. Ta Adiyan, da aka gina don tace galan miliyan 70 a rana, ta biyo baya a farkon shekarun 1990. A yau duka biyun daga kogin Ogun suke sha, kuma Hukumar Ruwa ta Legas ke gudanar da su. Ke nan a ƙarƙashin garin akwai bututu na zamani daban-daban, wasu an shimfiɗa musu kwalta, wasu an gina shaguna a kansu, ga kuma jone-jonen da mutane suka yi ba da sanin hukuma ba.

Ta fannin ƙazanta lamarin ya fi sarƙaƙiya. Legas ba ta da babbar magudanar bahaya guda da ta haɗe gari. Akwai ƙananan wuraren tacewa a Abesan, Oke-Afa, Iponri da Alausa, amma akasarin gidaje da ramin sokawe suka dogara, motar kwasa ta zo in ya cika. Don haka taswirar da ta tsaya kan bututun gwamnati kaɗai ta bar rabin labari a baya. Mai amfani ita ce wadda ta nuna inda bututun sha ya ratsa ta cikin kwata, da inda rijiyar burtsatse ta matso kusa da masai. Idan ruwa ya ɗauke, ƙarfin da ke cikin bututu ya faɗi, ruwan kwata kan kutsa ta wurin da ya tsage. Ɗaya ce daga hanyoyin da cuta irin kwalarar da ta ɓarke a jihar a 2024 ke bi.

Masu ruwa, waɗanda yawancinsu 'yan Arewa ne da ke tura kurar jarkoki a Agege, Idi-Araba, Obalende da Mile 12, su ma wani reshe ne na rabon ruwan garin (har Yarbawa da sunan Hausa suke kiransu). Idan aka sa wuraren da suke ɗiba a taswira, za a ga unguwannin da famfo bai kai ba.