Waiwaye: Kyu Sakamoto da waƙar da aka sauya wa suna

A ranar 15 ga Yuni, 1963, wata waƙa da aka rera da Japananci zalla ta hau matsayi na ɗaya a jadawalin waƙoƙi na Billboard a Amurka, ta yi mako uku tana riƙe da kambun. Yau fiye da shekara 60 ke nan, babu wata waƙar Japananci da ta sake taka wannan matsayi. Wanda ya rera ta, Kyu Sakamoto, shekararsa 21 kacal a lokacin.

An haife shi a birnin Kawasaki, kusa da Tokyo, ranar 10 ga Disamba, 1941, kwanaki kaɗan bayan Japan ta kai wa Amurka hari a Pearl Harbor. Shi ne ɗa na tara wurin mahaifinsa, kuma Kyu ɗin ma'anarsa ke nan, tara. Da yaƙi ya yi zafi, mahaifiyarsa ta kwashe yara zuwa garin Kasama don tsira daga ruwan bama-bamai. Ya tashi a ƙasar da ta sha kaye, sojojin Amurka a ko'ina, kiɗansu kuma a kowace rediyo. Ba abin mamaki ba ne da ya fara da kwaikwayon Elvis Presley. A 1958 ya shiga ƙungiyar The Drifters ta Japan, daga baya ya koma Paradise King, inda suke juya waƙoƙin Amurka zuwa Japananci.

Waƙar da ta ɗaga shi ta fito a Oktoban 1961 daga kamfanin Toshiba, da sunan “Ue o Muite Arukō”, wato zan yi tafiya kaina a sama. Hachidai Nakamura ne ya tsara kiɗan, Rokusuke Ei ya rubuta baitocin. Mutum ne shi kaɗai cikin dare, yana tafe yana kallon sama don kada hawayensa su zubo. Iyakar labarin ke nan, kuma babu kalmar siyasa ko ɗaya a ciki. Amma Ei yana cikin dubun dubatar mutanen da suka cika titunan Tokyo a 1960 suna adawa da sabunta yarjejeniyar tsaro tsakanin Japan da Amurka. Yarjejeniyar ta tabbata duk da haka, ko da yake Firaminista Nobusuke Kishi ya sauka daga mulki, kuma an daɗe ana danganta baitocin da takaicin wannan rashin nasara. Abin da ya ba waƙar ƙarfi shi ne kiɗan bai yi kuka ba. Yana tafiya da ɗan sauri, har da fito, muryar Sakamoto kuma kamar ta mai murmushi alhali ƙirjinsa a cike yake.

A nan ne abin da ke damuna yake. Louis Benjamin, wani jigo a kamfanin faifai na Pye da ke Ingila, ya ji waƙar a Japan ya tafi da ita gida, makaɗin jaz Kenny Ball ya buga ta ba murya. Da aka ga sunanta zai yi wa Turawa wuyar faɗa, sai aka laƙaba mata “Sukiyaki”, sunan wani abincin Japan na yankakken naman sa da ake dafawa da ganyaye. Ko kusa babu abinci a waƙar. Kamar a ɗauki waƙar da mutum ya yi cikin baƙin ciki a ce sunanta farfesu, don kawai shi baƙo ya iya furtawa. Kamfanin Capitol ya fitar da ainihin faifan Sakamoto a Amurka da wannan suna, kuma da shi duniya ta san ta. A ganina raini ne, ko da ba da mugun nufi aka yi ba.

Duk da haka sauya suna bai taɓa abin da ke cikin muryar ba. Amurkawan da shekara 18 kafin nan suke yaƙi da Japan sun yi ta sayen faifan ba tare da sun fahimci kalma ɗaya ba. Duk Bahaushen da ya taso da waƙoƙin fina-finan Indiya ya san wannan, kunne kan gane baƙin ciki tun kafin a fassara masa. Daga baya ƙungiyar A Taste of Honey ta sa wa kiɗan baitocin Turanci na soyayya, ta kai matsayi na 3 a 1981.

Sakamoto bai sake samun irin wannan nasara a waje ba. A gida kuwa tauraronsa bai dusashe ba: ya ci gaba da fitar da waƙoƙi, ya fito a fina-finai da shirye-shiryen talabijin, ya auri jarumar fim Yukiko Kashiwagi a 1971 suka haifi 'ya'ya mata biyu. Ya kuma ba da shekaru masu yawa wajen tallafa wa masu buƙata ta musamman, har da wani shiri da ya daɗe yana gabatarwa a talabijin ɗin Hokkaido a kan rayuwarsu.

Ranar 12 ga Agusta, 1985, ya hau jirgin Japan Airlines mai lamba 123 daga filin Haneda na Tokyo zuwa Osaka. Minti 12 da tashi, bangon da ke riƙe iska a bayan jirgin ya fashe, sakamakon gurguwar gyara da ma'aikatan Boeing suka yi masa a 1978. Matuƙan sun yi kusan rabin awa suna fama da jirgin da ba ya jin umarni, kafin ya faɗa kan wani tudu kusa da tsaunin Osutaka a lardin Gunma. Cikin mutum 524, huɗu ne suka tsira. Sakamoto ya rasu yana da shekara 43.

Bayan girgizar ƙasa da ambaliyar teku ta Maris 2011 a Japan, kamfanin kayan sha na Suntory ya tara mawaƙa da jaruman fim suka rera waƙar bi da bi, ana nunawa a talabijin, lokacin da iyalai ke ta neman 'yan uwansu cikin ɓaraguzai. A Japan har yanzu da sunanta na asali ake kiranta.