Endokaditis: Idan Ƙwayar Cuta Ta Yi Sheƙa a Bawul ɗin Zuciya

Zuciya na da bawul huɗu, ƙofofi ne da ke buɗewa jini ya wuce, su rufe kada ya koma baya. Idan bakteriya suka shiga jini, suka manne wa ɗaya daga cikin ƙofofin nan suka hayayyafa, shi ne likitoci ke kira endokaditis. Sukan shiga ta dasashi mai zubar da jini, ko allura marar tsabta, ko robar da aka zura a jijiya don wankin ƙoda. Bawul ɗin da ya riga ya yi tabo, ko wanda aka dasa wa mutum, shi suka fi kamawa.

A nan suke cuɗewa da gudan jini su zama ɗan tsiro mai lilo da kowane bugun zuciya. Babu jijiyar jini a cikinsa, shi ya sa magani ke shan wuya kafin ya ratsa shi. In ya ɓantare ya bi jini zuwa ƙwaƙwalwa, sai shanyewar ɓarin jiki.

Abin da ke tayar min da hankali shi ne yadda ciwon ke sanɗa. Zazzaɓi ya tafi ya dawo, gumin dare, kasala, rama. Wani lokaci sai ka ga siririn layin jini ƙarƙashin farce kamar sartse, ko ɗan kumburi mai zafi a kan yatsa, wanda aka laƙaba wa sunan likita William Osler.

Ganowa kuwa, ana ɗibar jini har sau uku a raini ƙwayar a ɗakin gwaji don a san ko wacece, sannan a ɗauki hoton zuciya da na'urar sikanin da ake ɗorawa a ƙirji. In wannan hoton bai nuna ba, sai a zura na'urar ta maƙoshi, a leƙo zuciyar ta baya. Ana auna sakamakon da ma'aunin Duke, wato jerin alamomin da ke tabbatar da cutar, wanda aka fara fitarwa a 1994. Amma a ɗebi jinin kafin a sha maganin kashe bakteriya! 'Yan ƙwayoyin da mutum ya haɗiya da kansa suna iya ɓatar da sawun cutar, gwaji ya fito fes alhali tana nan tana cin bawul.

Magani ta jijiya ake bayarwa, galibi mako 4 zuwa 6, ko da zazzaɓin ya sauka tun makon farko. Idan bawul ya ɓule, ko zuciya ta fara gazawa, ko ƙwayar ta ƙi mutuwa, sai tiyata, a gyara shi ko a sauya.