Yaƙi a kan tebur, yaƙi a cikin littafi: tambayoyi da amsoshi ga mai tara littattafan tarihin yaƙi a Kano

Masu son tarihin yaƙi iri biyu ne. Akwai wanda labarin kawai ya ishe shi: wane ya ci wane a shekara kaza. Akwai kuma wanda hankalinsa ba ya kwanciya sai ya san ta ina rundunar ta biyo, a ina ta shayar da dawaki, me ya sa ta yada zango a nan ba can ba. Na biyun nan shi ne yakan kai ga shimfiɗa taswira a kan tebur yana jera guntayen kwali a madadin dakaru da barade, kuma shi ne ɗakinsa ke cika da littattafai. Ga amsoshin abin da masu son shiga wannan fage suka fi tambaya.

Malam, shi wannan wasan yaƙi na kan tebur, ba dara ba ce aka canza wa suna?

A'a. A dara 'ya'yan kowa ƙarfinsu ɗaya, gidajen ma duk ɗaya ne. A wasan yaƙi kuwa fili na gaske ake kwaikwayo, da tudunsa da fadamarsa da kogin da ya ratsa shi. Mahayi ya fi ɗan ƙasa sauri, amma in ya faɗa fadama da damina doki zai kafe. Kibiya tana da iyakar inda take kaiwa. Ana auna tafiya da ma'auni, ana lissafin lokaci, kuma akwai littafin dokoki da ke faɗin abin da zai biyo baya in runduna biyu sun gwabza. Wasu da 'yan ƙananan sojojin dalma ko na roba suke yi, wasu da taswira da kwali.

Su wa suka fara shi?

Sojojin masarautar Purushiya ta Jamusawa ne suka mayar da shi abin yi da gaske. A 1812 wani mai suna von Reisswitz ya kai wa sarkin ƙasar wani tebur na wasan yaƙi. Ɗansa, hafsa a rundunar igwa, ya gyara dokokin ya buga su a 1824, ya koma amfani da taswirar ƙasa ta gaske. Ɓangare ɗaya ja, ɗaya shuɗi, ga alƙali a tsakani. Kowane ɓangare yana rubuta umarninsa ya miƙa wa alƙali, shi kuma ya nuna masa iya abin da mayaƙansa za su iya hangowa a fili, sauran ya ɓoye. Shugaban hafsoshin ƙasar, Janar von Müffling, ya gani ya yaba, ya sa aka yaɗa shi a cikin soja. Da Purushiya ta ci Faransa a yaƙin 1870 zuwa 1871, sai sojojin wasu ƙasashe suka ɗauka su ma.

Farar hula daga baya suka shigo. Marubucin Ingila H. G. Wells ya buga Little Wars a 1913, dokoki masu sauƙi na wasa da sojojin dalma. A shekarun 1950 Charles Roberts a Amurka ya fara sayar da wasan a cikin kwali, ya kafa kamfanin Avalon Hill. A 1962 Donald Featherstone ya fitar da War Games a Ingila, wanda ya jawo mutane da yawa cikin harkar.

To me ya haɗa wasa da tara littattafai?

Tebur ba ya karɓar "an ce". Ka ɗauki Tabkin Kwatto, inda jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ƙarƙashin Malam Abdullahi, suka karya rundunar Sarkin Gobir Yunfa a watan Yunin 1804. Kowa ya san wa ya yi nasara. Amma ranar da ka ce za ka jera wannan yaƙi a kan tebur, tambayoyi za su taso maka ta ko'ina. Jama'a ba su da dawaki sai kaɗan, Gobirawa kuwa sun zo da barade da 'yan lifidi. To ta yaya 'yan baka suka tsaya wa sukuwar doki? Ina tabkin yake daga inda aka ja daga? Wa ya riga isa bakin ruwa? Dole ka koma ga Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello, wanda ya halarci yaƙin, ka haɗa da Tazyinul Waraƙat na Malam Abdullahi, sannan ka nemi abin da masana na baya suka rubuta. Littafi ɗaya yana tura ka ga wani. Da haka ake wayar gari kantar littattafai ta cika.

A ganina nan amfanin wasan yake. Yana mayar da mai karatu mai bin diddigi, ya daina haɗiye duk adadin da ya gani a rubuce.

In tarihin yaƙin Kano nake so, da wane littafi zan fara?

Fara da na gida, wato tsohon littafin tarihin sarakunan Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, kuma akwai shi da Hausa a cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu. Mai karanta shi da idon yaƙi zai tsinci abubuwa masu daraja. Ya ce Sarki Gijimasu ne ya fara ginin ganuwa. Ya ce Kanajeji ne ya fara kawo lifidi da sulke da kwalkwali. Muhammadu Rumfa ya fara fita da dawakin zage a yaƙinsa da Katsina. A zamanin Kumbari aka kawo garkuwoyi daga Nufe, da bindigogi, Babba Zaki kuma shi ne sarkin da ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaronsa. Ka ga kenan wanda zai shirya yaƙin wani zamani dole ya san makaman da ake da su a lokacin.

Daga nan sai littafin Joseph Smaldone, Warfare in the Sokoto Caliphate, na 1977. In ɗaya tak za ka iya saya cikin na Turanci, shi nake ba da shawara, domin ya tsaya a kan makamai da tsarin runduna da ribaɗi da yadda ake kewaye gari mai ganuwa. The Sokoto Caliphate na Murray Last, na 1967, zai ba ka shimfiɗar siyasar lokacin. Yaƙin Basasa na Kano na 1893 zuwa 1895, tsakanin Tukurawa, magoya bayan Sarki Tukur, da Yusufawa, masu adawa da shi, Adamu Fika ya yi masa littafi a 1978, M. G. Smith ma ya yi dogon bayani a kansa a Government in Kano.

Kada kuma ka manta da abin da idonka ke gani kyauta. Masu wasan nan a Turai kuɗi suke zubawa su sayi littattafan hotuna irin na kamfanin Osprey don su san kamannin kayan soja. Kai kuwa ranar Hawan Daushe 'yan lifidi da 'yan sulke za su wuce ta gabanka a Ƙofar Kudu.

Littattafan da suka ba da labarin zuwan Turawa a 1903 fa, abin yarda ne?

A karanta su, amma da lura. Jerin abubuwan da suka faru a bayyane yake. Kanar Morland ya taso daga Zariya a ƙarshen Janairu da sojoji sama da 700, mafi yawansu baƙaƙen fata, da igwa huɗu da bindigogi masu ruwa huɗu. Ya fasa Bebeji a kan hanya, ya ci Kano ran 3 ga Fabrairu, lokacin Sarki Alu yana Sakkwato da manyan mayaƙansa. A ƙarshen watan aka yi karon Kwatarkwashi, inda Wazirin Kano Ahmadu ya yi shahada. Sakkwato ta faɗi ran 15 ga Maris, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada a Burmi ran 27 ga Yuli.

Inda ake bukatar taka-tsantsan shi ne adadi da dalili. Rahoton hafsan da ya ci yaƙi, yawan abokan gaba ƙiyasi ne ya yi daga nesa, cikin ƙura da hayaƙi, kuma yawansu ɗaukaka ce a gare shi. A Kwatarkwashi takardar lambar yabon da aka ba hafsan Turawa Laftanar Wright ta ce shi da mutum arba'in da 'yan kai sun tsaya wa mahaya 1,000 da dakaru 2,000. Jera wannan a kan tebur ka tambayi kanka: Kanawan da ke dawowa daga doguwar tafiyar Sakkwato, Sarki Alu ya rabu da su, wasu manyansu sun ware sun kama wata hanya, nawa ne a cikinsu suka shiga faɗan da gaske? Shi ya sa nake son a haɗa Concerning Brave Captains na D. J. M. Muffett, na 1964, wanda ya saurari tsofaffin da suka ga abin da idonsu, da littafin R. A. Adeleye na 1971, wanda ya dubi lamarin ta fuskar Daular Usmaniyya. In sun saɓa, rubuta saɓanin a gefen shafi da fensir.

Na ji ana jefa ɗan lido a wasan. Ba matsala a addini?

Hukunci na malamai ne, a kai musu tambayar. Abin da zan iya faɗa shi ne wasan bai dogara da ɗan lido ba. Tun 1876 wani hafsan Jamus, Verdy du Vernois, ya fito da tsarin da alƙali masani ke yanke sakamakon kowace arangama da iliminsa, ba jefa komai. Haka nan ba dole sai da 'yan mutum-mutumi ba. Jamusawan farko ma da guntayen dalma masu kusurwa huɗu suka yi. Wannan tsarin ya fi ɗora nauyi a kan karatu, domin alƙalin da bai ƙoshi da littattafai ba, 'yan wasa ba za su karɓi hukuncinsa ba.

A ina ake samun waɗannan littattafai a Kano?

Da yawansu an daina buga su, sai haƙuri da yawan leƙe. Na Larabci, Kasuwar Kurmi ce wurin farawa. Na Turanci, a riƙa duba wajen masu littattafan gwanjo na Sabon Gari da masu shimfiɗawa a bakin titi, a bar musu sunan littafi a rubuce, domin sukan samo in sun san akwai mai saye. A wurinsu ne aka fi cin karo da littattafan yaƙin basasar Nijeriya, irin na Obasanjo da na Madiebo, waɗanda duk a 1980 suka fito, kuma ya kamata a karanta su tare don kowa da ɓangaren da ya yi wa yaƙi. Wanda bai samu na saye ba, akwai ɗakin karatu na Jami'ar Bayero da na Murtala Muhammad. Gidan Makama yana da makamai da hotunan ƙofofin gari. Mai neman takardun asali sai ya dangana da Kaduna, Gidan Arewa da ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa.

Shawarata, zaɓi yaƙi ɗaya ka tara duk abin da ya shafe shi kafin ka tsallaka wani. Littafi biyar a kan Basasa sun fi hamsin da ba su haɗa hanya ba.

Yaya zan kare su daga lalacewa?

Gara ce babbar abokiyar gaba. Kada littafi ya taɓa ƙasa ko ya jingina da bango, kuma a janye kantar littattafan daga bango ko da taƙi ɗaya ne don a riƙa ganin bayanta. Da damina a riƙa buɗe su suna shan iska, kada a ƙulle su a leda danshi ya kama su. Da hunturu a rufe da ƙyalle saboda ƙura. Kafur yana korar kyankyasai. Wanda bangonsa ya saki a kai wa masu ɗinkin littafi, kada a manna masa salatif, yana cin takarda. Tsohon bugu kuma, musamman mai taswira a naɗe a ciki, in wani ya zo aro a yi masa hoton shafukan da yake so, asalin ya zauna a gida.